Me ya sa ƙ ke zama Æ™ a imel? Tambayoyi da amsoshi ga masu rubuta manhaja

Duk Asabar bayan La'asar muna haɗuwa a wata fada da ke unguwarmu a Yamai, ni da wasu matasa masu koyon rubuta manhaja, rabinsu ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni. Ana dafa shayi, ana buɗe kwamfutoci, kowa ya kawo abin da ya gagare shi cikin mako. Babu matsalar da ke yawan dawowa kamar ta imel ɗin da manhaja ke turawa da kanta, irin su rasiɗi da sanarwar taro da saƙon sake kalmar sirri. A kwamfutar mai rubutawa komai lafiya lau, a wayar mai karɓa haruffa sun rikiɗe. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tara tambayoyin a nan yadda aka yi mini su. Misalan na Python ne da PHP, don su muka fi taɓawa.

Kalmomi biyu zan riƙa amfani da su. Mayar da rubutu bayit, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke ajiyewa da aikawa, ina ce masa ƙullawa, kamar yadda mai tebur ke ƙulla sukari a leda. Mayar da bayit rubutu kuwa kwancewa.

Malam, na tura "Maraɗi", ya isa "MaraÉ—i". Me ya faru a hanya?

A hanya babu abin da ya faru. Bayit ɗin da ka tura su suka isa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Abin da ya sha bamban shi ne jadawalin da aka kwance su da shi.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Unicode ya ba kowane harafi lambarsa: ɗ shi ne U+0257, ƙ U+0199, ɓ U+0253, ƴ kuma U+01B4. UTF-8 shi ne hanyar ƙulla waɗannan lambobi su zama bayit. A cikinsa ɗ bayit biyu ne, C9 da 97. Idan manhajar mai karɓa ba a faɗa mata UTF-8 ba ne, sai ta yi zato, kuma a kwamfutocin da ke magana da Faransanci zaton yakan faɗa kan Windows-1252. A wannan jadawali kowane bayit harafi ne mai zaman kansa: C9 shi ne É, 97 kuma doguwar sanda. Haka ƙ, wato C6 99, ke fitowa Æ™, é na Faransanci kuma, C3 A9, ya fito Ã©. Da zarar ka ga Ã ko Æ ko É inda ba su da hurumi, ka san an ƙulla da UTF-8 an kwance da wani abu dabam.

To mene ne bambancin harafi da bayit a aikace?

"Maraɗi" haruffa 6 ne, amma bayit 7. A Python 3, `len("Maraɗi")` zai ba ka 6, `len("Maraɗi".encode("utf-8"))` ya ba ka 7. Na farko `str` ne, na biyu `bytes`, kuma Python ba ya yarda a haɗa su da alamar tarawa. Matasa kan ji haushin wannan, ni kuwa ina ganin alheri ne. A PHP babu wannan katanga: `strlen` bayit yake ƙirgawa, `mb_strlen` ne ke ƙirga haruffa.

Dokar da nake bi ita ce, a cikin manhaja rubutu ya zauna rubutu. A kwance shi sau ɗaya a ƙofar shiga, a ƙulla shi sau ɗaya a ƙofar fita. Kusan duk ɓarnar da na taɓa gani, ko dai an ƙulla sau biyu ne, ko an kwance da jadawalin da ba shi ba.

WhatsApp ba ya wannan fitina. Me ya sa imel yake yi?

Saboda imel dattijo ne. Ƙa'idojinsa na asali, RFC 821 na Jon Postel da RFC 822 na David Crocker, a 1982 suka fito, lokacin da ASCII kaɗai ake zato: alamomi 128, kowace bit 7, babu ko é balle ƙ. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da MIME, dabarar da ke ba da damar ɗora kowane irin rubutu da hoto a kan wannan tsohuwar hanya ba tare da an rushe ta ba. A shekarar ce kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8 a Amurka. Har yau a kan wancan harsashi ake, sai dai gyare-gyare, irin RFC 5321 da 5322 na 2008.

Ma'anar wannan a gare ka ita ce, saƙo ba ya bayyana kansa. Kai ne za ka liƙa masa takardar shaida a goshi, kamar yadda ake rubuta suna da lamba a jikin buhu a tashar mota:

`MIME-Version: 1.0`
`Content-Type: text/plain; charset=utf-8`
`Content-Transfer-Encoding: quoted-printable`

Layi na biyu yana faɗin jadawalin haruffa, na uku yana faɗin yadda aka naɗe bayit ɗin don tafiya. Abu biyu ne mabambanta, kuma dole kowanne ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki.

Python ya tsaya da `'ascii' codec can't encode character '\u0199'`. Ni ban ambaci ASCII ko'ina ba.

Ba ka ambata ba, `sendmail` ya ambata maka. Idan ka miƙa masa saƙo a matsayin `str`, da ASCII yake ƙoƙarin ƙulla shi, ya zo kan ƙ ya tsaya. Ruwa ba ya tsami banza, wannan kuskure yana gaya maka cewa da hannu kake harhaɗa saƙo. Ka daina. Tun Python 3.6 akwai `EmailMessage`:

`m = EmailMessage()`
`m["Subject"] = "Taron ƙungiya a Maraɗi"`
`m.set_content(rubutu, cte="quoted-printable")`
`s.send_message(m)`

A nan `s` shi ne haɗinka da sabar aika imel. Ka ba `EmailMessage` rubutu tsantsa, shi zai ƙulla da UTF-8, ya rubuta goshin da ya dace, ya karya dogayen layuka. Abin da ba na so in gani shi ne a toshe bakin kuskuren da `errors="ignore"`. Manhaja za ta yi shiru, haruffan kuma su zube a ƙasa ba wanda ya sani.

Ba sai in cire ƙugiyoyin ba in huta? Ai kowa zai gane.

Wannan ce tambayar da ta fi tayar da gardama a fada, har shayi ya huce. Na san inda ɗabi'ar ta samo asali. Allon AZERTY da muke amfani da shi ba shi da ƙ. A saƙon tes kuma, harafi ɗaya mai ƙugiya ya isa ya sauke iyakar saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, wato kuɗi ya ƙaru. Amma imel ba shi da wannan haraji, bayit ɗaya kacal ƙ ya fi k.

Kuma ba kullum ake ganewa ba. Wanda ya rubuto daga Tahoua a lokacin hunturu cewa "ƙura ta hana mu fita", idan ka cire masa ƙugiya ka sa masa kura a ƙofar gida. Baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗaka da daka, duk haka ne. Tun 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, da ƴ ɗinmu inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y, kuma kundin da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. A ganina abin kunya ne manhajar da ɗan ƙasa ya rubuta ta iya é da ç amma ta kasa ɗ.

Akwai kuma tarko ga mai son cirewa ta hanyar gajarce. Dabarar da ke yawo, ta `unicodedata.normalize("NFKD", ...)` sannan a ƙulla da ASCII a watsar da saura, tana aiki ga Faransanci, don é yana rabuwa biyu, e da alamar samansa. Haruffanmu ba sa rabuwa, ƙugiyar jikinsu ce. Saboda haka ba k za ka samu ba, harafin gaba ɗaya zai ɓace: "ƙasa" ta koma "asa", "ɗa" ya koma "a".

Shugabana a wurin aiki ya ce ISO-8859-1 ya ishe mu, shekara da shekaru da shi muke.

Ya ishe ku ne don da Faransanci kawai kuke rubutu. Jadawalin gurbi 256 ne, an cika shi da haruffan Yammacin Turai. Babu ƙ, babu ŋ da ɲ na Zabarmanci, ko œ na Faransancin kansa babu. Masu PHPMailer su kula: idan ba ku ce komai ba, da wannan jadawali yake farawa. Sai an rubuta `$mail->CharSet = 'UTF-8';` da hannu. Layi ɗaya ne, ka nuna wa shugaban naka cikin ladabi.

Jikin saƙo ya fito daidai, amma taken ya lalace. Ba jadawali ɗaya ba ne?

A'a, kuma a nan gizo ke saƙar. `charset` ɗin da ke `Content-Type` jikin saƙo kawai ya shafa. Take da sunan mai aikowa a goshi suke, goshi kuwa a ƙa'ida ASCII ne zalla. RFC 2047 ya kawo mafita, a naɗe kalmar da ba ASCII ba cikin ƙaramin ƙunshi mai ɗauke da shaidarsa:

`=?utf-8?q?=C6=99asa?=`
`=?utf-8?b?xplhc2E=?=`

Duka biyun "ƙasa" suke nufi. Kowane ƙunshi ba ya wuce alamomi 75, kuma ba a raba harafi ɗaya tsakanin ƙunshi biyu. Idan C6 ya faɗa a ƙarshen na farko, 99 a farkon na biyu, wasu manhajoji za su haɗa su cikin haƙuri, wasu su nuna baƙar alamar tambaya. Shi ya sa ba na son a rubuta wannan da hannu. `EmailMessage` da PHPMailer suna yi da kansu, mai amfani da `mail()` tsirara kuma yana da `mb_encode_mimeheader`.

Kuskure na biyu da nake yawan gani: a naɗe suna da adireshi tare. Suna kaɗai ake naɗewa, adireshin da ke tsakanin < da > a bar shi a fili, in ba haka ba sabar ba za ta gane shi ba.

Quoted-printable ko base64, wanne zan zaɓa?

Ya danganta da rubutun. Quoted-printable yana barin haruffan ASCII yadda suke, sauran bayit kuma kowanne ya zama alamomi uku, don haka ƙ ya zama `=C6=99`. Ga Hausar boko da Faransanci shi ya fi, tunda haruffa masu ƙugiya tsiraru ne, kuma mutum na iya karanta saƙon da ido idan ana bincike. Base64 yana mayar da kowane bayit 3 alamomi 4, babu ruwansa da abin da ke ciki. Ga ajami, inda kusan kowane harafi bayit biyu ne, shi ya fi sauƙi. Duka biyun suna karya layi kafin ya wuce alamomi 76.

Gargaɗi ɗaya. Kada ka rubuta `quoted-printable` a goshi alhali ba ka naɗe jikin ba. Wata ƙanwarmu ta yi haka, mahaɗin tabbatar da rajista da ya ƙare da `id=25` ya riƙa isa `id%`, domin `=25` a wannan tsari alamar % ce. Mahaɗan wasu mutane na aiki, na wasu ba sa yi. Ta kwana biyu tana zargin sabar.

Akwai `8bit` kuma. Ba shi ya fi sauƙi ba?

Yawancin sabar zamani suna karɓa, ta hanyar ƙarin da ake kira 8BITMIME. Amma idan saƙo ya ci karo da wadda ba ta karɓa, za a sake naɗe shi a hanya, sa hannun DKIM kuwa, wanda ke tabbatar da inda saƙo ya fito, a kan bayit ake yin sa. Bayit ɗaya ya canja, sa hannu ya karye, saƙonka ya nufi kwandon shara. Ga kuma iyakar tsawon layi, 998, wadda HTML da aka dunƙule layi guda ke tsallakewa cikin sauƙi. Ni dai ina naɗewa tun daga gida.

Na maƙala PDF, ya isa amma ya ƙi buɗewa.

Ka buɗe shi a matsayin rubutu. PDF da hoto ba rubutu ba ne, babu abin kwancewa a cikinsu. `open(fayil, "rb")`, sannan `add_attachment` da `maintype="application"` da `subtype="pdf"`.

Sunan fayil yana da tasa ƙa'ida dabam, RFC 2231. "rasiɗi.pdf" yana tafiya a matsayin `filename*=utf-8''rasi%C9%97i.pdf`. Ka tuna kuma base64 na ƙara nauyi da kashi ɗaya cikin uku, fayil mai mega 3 ya zama 4 da ɗoriya. Ga wanda zai sauke a ƙauye da ragowar data, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na bi duk wannan, har yanzu sunayen mutane na fitowa a lalace.

To ɓarnar ta riga imel. Wannan ni ma ya taɓa cina. Na yi wa wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa ta yankin Tahoua manhajar tura rasiɗi. Sakatarensu ya aiko mini da sunayen membobi a fayil ɗin CSV, na karanta da `open()` ban faɗi jadawali ba. A kwamfutata mai Linux komai ya tafi daidai, don a can UTF-8 ake ɗauka. Da aka ɗora manhajar a kwamfutar ofishinsu mai Windows, `open()` ɗin nan ya ɗauki Windows-1252. Rasiɗai suka fita da goshi mai kyau, naɗi mai kyau, da sunaye a rikice, domin manhajar ta ƙulla shirmen da ta kwance ne da aminci. Wani Alhaji ya kira ni da sassafe, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaro, wannan sunan da ka sa mini, na wace ƙasa ne?" Ban sami abin cewa ba sai ban haƙuri.

Tun ranar ba na rubuta `open()` ba tare da `encoding="utf-8"` ba. Idan fayil ɗin daga Excel ya fito a matsayin CSV na UTF-8, yana da bayit uku a farkonsa, EF BB BF, sai a yi amfani da `utf-8-sig` don kada su manne wa sunan shafi na farko. Idan kuwa sakatare ya adana da tsohon CSV na Excel, haruffan ƙugiya sun riga sun zama alamar tambaya tun a can.

Sai rumbun bayanai. A MySQL abin da aka daɗe ana kira `utf8` bayit 3 ne iyakarsa. Ya ɗauki ƙ, amma ba ya ɗaukar emoji mai bayit 4. `utf8mb4` ne cikakke, kuma a sa shi a tebur da kuma a kan haɗin da manhaja ke yi da rumbun, don mutane kan gyara ɗaya su manta ɗaya.

Kuɗi na fitowa "10Â 000 F". Ina Â ya fito?

Giɓin da ke tsakanin 10 da 000 ba giɓin allo ba ne. Tsarin rubuta lamba na Faransanci yana sa giɓi marar karyewa, a nan U+00A0, wanda a UTF-8 C2 A0 ne, C2 kuma shi ne Â. Ciwon farko ne ya sake kama. Ɗan'uwansa shi ne â€™, wanda ke fitowa idan an kwafo "sa'a" ko "jama'a" daga Word, saboda Word na musanya miƙaƙƙiyar alamar da lanƙwasasshiya mai bayit uku.

Ana iya gyara rubutun da ya riga ya lalace?

Ka fara duba irin lalacewar. Idan É— da Æ™ kake gani, bayit ɗin na nan, ana iya komawa baya: `"MaraÉ—i".encode("cp1252").decode("utf-8")` zai dawo maka da Maraɗi. Babban Ɓ ne mai taurin kai, don bayit ɗinsa na biyu, 81, ba shi da harafi a Windows-1252. Python zai tsaya da kuskure, wasu manhajoji kuma su jefar da shi.

Idan alamar tambaya ce, ? ko �, aka riga aka adana, an yi asara, sai a koma tushe. Idan kuwa ɗan akwati ne fanko, rubutun lafiyarsa lau, wayar ce ba ta da zanen harafin. Kada ka taɓa manhajarka saboda wannan.

Ina yanke take a kan 50 don kada ya yi tsawo, wani lokaci ƙarshensa ya lalace.

`substr` bayit yake yankawa, ya raba ƙ gida biyu. Yi amfani da `mb_substr`, kuma ka yanke kafin a naɗe.

Ajami da Tifinagh fa?

Hanya ɗaya ce. Haruffan Larabci na asali bayit 2 ne, Tifinagh na Buzaye bayit 3, UTF-8 na ɗaukarsu duka a saƙo guda. Abin da ya rage aikin nuni ne: a HTML a sa `dir="rtl"` ga sakin layin ajami, kuma a gwada a tsohuwar waya, don nan ne akwatuna fanko ke bayyana.

Adireshin imel ɗin kansa zai iya ɗaukar ƙ?

A ƙa'ida e, tun RFC 6531 da 6532 na 2012, idan duk sabar da ke kan hanya sun san SMTPUTF8. A aikace ba zan ba kowa shawarar ya ɗora kasuwancinsa a kai ba tukuna, don fom da yawa a intanet za su ce adireshin ba daidai ba ne. Ka sa ƙugiya a suna, ka bar adireshi ASCII.

Sunan da mutum ya cike a fom, zan iya sa shi kai tsaye a goshi?

Da taka tsantsan. Layukan goshi da bayit biyu ake raba su, 0D da 0A. Mugu na iya cusa su cikin gurbin suna, ya bi su da `Bcc:` da adireshi ɗari, sabarka ta zama jakin dakon saƙonnin banza. `EmailMessage` yana ƙin irin wannan da `ValueError`. Mai haɗa goshi da hannu a `mail()` kuwa shi ne mai gadin kansa.

Yaya zan gwada kafin in saki?

Gani ya kori ji. Ina da jimla ɗaya da nake turawa kowane lokaci, a take, a sunan mai aikowa, a jiki, da sunan fayil: "Ɓarawo ya ɗauki ƙaho, ƴaƴa sun gani", in ƙara é, da 10 000 mai giɓin Faransanci, da kalma ɗaya ta ajami, da emoji guda. In tura wa akwatin Gmail da na Outlook, in buɗe a kwamfuta da kuma wayar wani daga cikin yaran fada, wadda gilashinta ya tsage tun bara. Sannan in buɗe asalin saƙon, abin da Gmail na Faransanci ke kira Afficher l'original, in nemi `=C6=99` da idona. Idan na ga `=C3=86=E2=84=A2` a gurbinsa, an ƙulla sau biyu, sai in koma in bi sawun rubutun tun daga inda ya shigo manhajar, ina buga `repr()` a kowace gaɓa har in kama wurin da ƙ ya fara zama haruffa biyu.